Dillaliya Ta Koma Cikin Waya

Ranar 28 ga watan Mayu na 2025, wani babban kamfanin kayan kwalliya na Amurka mai suna e.l.f. Beauty ya ba da sanarwar cewa zai sayi wani ƙaramin kamfanin man shafawa da ake kira Rhode, a kan kuɗin da za su iya kai dala biliyan 1, watau miliyan dubu. Miliyan 800 za a biya tun farko, tsakanin tsabar kuɗi da hannun jari, sauran miliyan 200 kuwa sai idan ciniki ya ci gaba da bunƙasa cikin shekara uku masu zuwa. A wannan rana Rhode bai ko cika shekara uku da fara ciniki ba, kayan da yake sayarwa iri goma ne kacal, kuma ba shi da kanti na dindindin ko ɗaya a duk faɗin duniya. Duk da haka, cikin wata 12 da suka ƙare a Maris 2025, ya yi cinikin dala miliyan 212. Wadda ta kafa shi tare da abokan kasuwancinta ita ce Hailey Bieber, matar mawaƙin nan Justin Bieber, wadda ta yi suna wajen tallan tufafi, ba wajen likitanci ko haɗa magunguna ba.

To, ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. 'Yan jari-hujja ba sa zuba irin wannan dukiya saboda kwalba da murfi. Abin da suka saya shi ne idanun miliyoyin 'yan mata da yardar da waɗannan 'yan mata suka ba mace guda a kafafen sada zumunta. Mu kuwa, tunda wayoyin da ke hannunmu su ne kasuwar da ake wannan ciniki, ya wajaba a kanmu mu san yadda ake tara irin wannan yarda, da yadda ake mai da ita kuɗi. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: dabarar tana da abin koyi, amma fuskar tauraruwa ba shaida ba ce a kan ingancin abin da take sayarwa, kuma duk wanda ya manta da haka zai yi cinikin biri a sama.

Bari mu fara da dabarar kanta, daki-daki.

Mataki na farko shi ne a sayar da labari kafin a fito da haja. Tun 2021 Hailey Bieber ta buɗe wani shiri a YouTube inda take gayyatar shahararrun ƙawayenta su zauna su yi hira, su ci abinci, su yi wasa a cikin makewayi, watau wurin da ba a shigar da baƙo. Ta kuma riƙa ɗora bidiyon yadda take wanke fuska da yadda take shiri kafin ta fita. A watan Janairu na 2022 ta yaɗa wata magana da ta kama bakin 'yan mata, cewa fatar da ake so ita ce mai sheƙi kamar donot, wani irin fanke na Turawa da ake kwarara wa narkakken sukari har ya riƙa ƙyalli. Wata biyar bayan haka, a Yuni 2022, sai ga Rhode ya fito da man da aka ce shi ne ke kawo wannan sheƙi. Ashe an riga an haƙa rijiyar ƙishirwa a zukatan mutane kafin a zo da guga.

Mataki na biyu shi ne ƙarancin kaya. Iri uku kaɗai aka fara da su: ruwan sheƙi na dala 29, man fuska na dala 29, da man leɓe na dala 16. Babu wanda ya kai dala 30, domin ɗaliba ta ga abin bai fi ƙarfinta ba. Ba a kai su kantin kowa ba, sai a shafin kamfanin na intanet kawai. Sau da yawa kaya kan ƙare cikin ɗan lokaci, sai a ce wa mai saye ya rubuta sunansa da adireshinsa na saƙo ya shiga layin jira. Wannan layi yana da amfani biyu ga kamfani. Na ɗaya, duk abin da aka ga ana rububinsa, daraja yake ƙarawa a idon wanda bai samu ba. Na biyu, kowane suna da aka rubuta ya zama hanyar da kamfani zai riƙa shiga wayar mutum kai tsaye, ba tare da ya biya gidan rediyo ko jarida ko kwabo ba. Sai a watan Satumba na 2025 kayan suka shiga kantunan Sephora a Amurka da Kanada, bayan an gama gina suna.

Mataki na uku, wanda a ganinmu ya fi kowanne wayo, shi ne a ƙera hajar domin hoto. A 2022 wani kantin abinci mai tsada na birnin Los Anjelas, Erewhon, ya fara sayar da wani markaɗaɗɗen abin sha na 'ya'yan itace da sunan tauraruwar, kofi guda dala 17, matasa suka yi ta saye suna ɗaukar hoto. A 2023 aka haɗa kai da kamfanin donot na Krispy Kreme aka fito da man leɓe mai ƙamshin donot ɗinsu. Sa'an nan a Fabrairu 2024 aka fito da rigar waya mai wani ɗan gurbi a baya inda ake maƙala man leɓen. Ku dubi hikimar da ke nan. Yarinya ta tsaya gaban madubi don ta ɗauki hoton kanta, abin da ya fi fitowa fili a hoton shi ne bayan wayarta, a bayan wayar kuwa ga man Rhode a maƙale. Ta sayi rigar da kuɗinta, ta sayi man da kuɗinta, ta sayi data da kuɗinta, sa'an nan ta yi wa kamfani talla ga dukan ƙawayenta kyauta, tana murna.

Mataki na huɗu ya biyo bayan wannan. Kamfanoni irin waɗannan suna aika kyautar kaya ga masu tarin mabiya a Instagram da TikTok, su kuwa su buɗe kwalin a gaban kyamara suna yabo. Waɗansu kamfanonin har kamasho suke ba mai yabon a kan kowace kwalba da aka saya ta hanyarsa. Lissafin da waɗannan kafafe ke amfani da shi wajen zaɓar abin da za su nuna wa mutum yana fifita duk abin da jama'a suka daɗe suna kallo. Saboda haka da zarar kin tsaya kin kalli bidiyo ɗaya har ƙarshe, gobe za a kawo miki goma, har ki ɗauka duk duniya abin da ake shafawa ke nan, ke kaɗai aka bari a baya.

Mataki na biyar shi ne nuna ɗan aibi. Hailey Bieber ta sha nuna fuskarta ba kwalliya, ta kuma faɗi da bakinta cewa tana fama da wani ciwon fata mai sa ƙananan ƙuraje a gefen baki. Ba mu ce ƙarya take yi ba. Amma ko gaskiya ce, tana da amfani a kasuwa, domin wanda ya nuna maka rauninsa ya zama kamar ɗan'uwa, maganar ɗan'uwa kuwa ba a cika sa ta a sikeli ba.

Wanda ya tashi a cikin gidajenmu zai ga wannan duka ba baƙon abu ba ne. Aikin dillaliya ke nan. Takan yi sallama ta shiga har tsakar gida, ta zauna a tabarma, ta tambayi lafiyar yara da sunayensu, ta kawo labarin bikin gidan wane, sai can an saki jiki ta kwance ƙullinta ta ce, wannan turmi ɗaya ya rage, matar Alhaji ma ta sa a ajiye mata. Hira kafin haja, ƙarancin kaya, ambaton wadda ake ganin girmanta, duk ta san su tun kafin a ƙirƙiro intanet. Bambancin guda ne, amma babba. Dillaliya an san gidanta, an san mijinta, an san mai unguwarta. Idan atamfa ta zuba, gobe za a tare ta a zaure, kuma idan ta ci amana sau biyu ta rasa unguwa gaba ɗaya. Dillaliyar cikin waya ta sami shiga ɗakin kwanan miliyoyin mutane, alhali ba ta san ko ɗaya daga cikinsu ba, su ma ba su da ƙofar da za su buga idan fuska ta ɓaci.

Adalci ya sa mu faɗi abin da ke gefen masu wannan sana'a. Rhode bai ɓoye abin da ke cikin kwalabensa ba, sinadaran da ya lissafa sanannu ne wajen tausasa fata, kuma ya yi aiki da likitan fata da masanin haɗa kayan shafa. Haka nan mawaƙiya Rihanna, 'yar tsibirin Barbados, da ta fito da Fenty Beauty a 2017 da hodar ruwa mai launi 40, ta tilasta wa manyan kamfanoni su tuna cewa baƙar mace ma tana da kuɗin saye kuma tana da haƙƙin samun abin da ya dace da fatarta. A Mayu 2022 kayanta suka shiga kasuwannin ƙasashen Afirka takwas, har da Nijeriya da Gana. Daɗin daɗawa, suna kaɗai ba ya riƙe kasuwa. Kim Kardashian tana da mabiya fiye da miliyan 300 a Instagram, ta ninka Hailey Bieber sau da yawa. Ta fito da nata kayan gyaran fata, SKKN, a wata ɗaya da Rhode, iri tara a kan dala 630 idan an haɗa, amma a 2025 aka rufe wannan suna. Ashe masu saye ba tumaki ba ne. Suna yana kawo mutum bakin rumfa sau ɗaya, farashi da gamsuwa ne ke komo da shi.

Duk da haka muna da ƙorafi uku, kuma ba ƙanana ba ne.

Na farko, shaidar da ake gabatarwa ba shaida ba ce. Abin da ake nuna mana shi ne fuskar mai kamfani, a ce ga sakamako. Amma wannan fuska tana da ƙuruciya, tana da gado, tana da abinci mai kyau da hutu, tana da likitocin da albashinmu na shekara ba zai biya ganinsu ba, sa'an nan ga fitilu da gwanayen ɗaukar hoto. Fatar tana da kyau tun kafin a haɗa man. Mu da ake koya wa a ɗakin karatu cewa ba a yarda da da'awa sai an gwada ta a kan mutane da yawa an kwatanta da waɗanda ba su yi amfani da abin ba, bai kamata mu fito daga laccar mu karɓi hoton mutum ɗaya a matsayin hujja ba.

Na biyu, an rushe katangar da ke tsakanin talla da hira. A da, idan talla ta zo a rediyo, kiɗanta ma daban ne, kowa ya san lokacin 'yan kasuwa ne, sai ya saurara da kunnen ciniki. Yanzu talla tana zuwa ne cikin rigar zumunci. A 2017 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta aika wasiƙu fiye da 90 ga taurari da masu tarin mabiya tana tuna musu cewa dole su bayyana idan an biya su. Amma idan tauraruwa ita ce mai kamfanin, babu wanda ya biya ta balle ta bayyana. Karin kumallonta talla ne, hutunta talla ne, ciwonta ma talla ne, mai kallo kuwa yana zaton rayuwa yake kallo.

Na uku, ko alƙaluman nasara da ake yaɗawa suna cikin tallar. A 2019 kamfanin Coty ya amince ya sayi kashi 51 cikin 100 na kamfanin kwalliyar Kylie Jenner a kan dala miliyan 600. A Mayu 2020 mujallar Forbes, wadda ita ce da kanta ta naɗa Kylie mai dala biliyan, ta janye wannan naɗi, ta ce kasuwancin bai kai girman da aka daɗe ana nuna wa duniya ba. Kylie ta musanta zargin. Ko ma wa ke da gaskiya, darasin ya fito: idan gogaggun 'yan jarida masu bin diddigin dukiya za su iya ruɗuwa da hayaniyar kafafen sada zumunta, ina ga ɗalibar aji biyu da ke kallo a ɗakin kwana da tsakar dare?

Wani zai ce, ina ruwanmu da abin da ake yi a Amurka? Ruwanmu ya zo ta hanya uku.

Hanya ta farko aljihu ce. A canjin 2025, lokacin da dala take kusan naira 1,500, man leɓen dala 16 ya kama naira 24,000, man fuskar dala 29 kuwa ya haura naira 43,000, ban da kuɗin jigila da ribar mai kawowa. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Nijeriya a 2024 naira 70,000 ne. Abin da aka tsara ya zama mai araha ga yarinyar Niyok, a nan ya cinye fiye da rabin albashin masinja. Inda kuwa sha'awa ta fi ƙarfin aljihu, nan masu jabu ke shimfiɗa tabarmarsu.

Hanya ta biyu ta fi muni. Dabarar nan ba ta tambayar abin da ke cikin kwalba, kowane irin kaya aka ɗora mata za ta ɗauka. A 2014 mawaƙiya Dencia, mai tushe a Kamaru da Nijeriya, ta fito da man Whitenicious, hotunanta da farar fata suka zama tallarsa, aka yi ta ce-ce-ku-ce. A Nuwamba 2018 tauraruwar Amurka Blac Chyna ta zo har Legas don ƙaddamar da wani man hasken fata na wannan kamfani, kwalba guda dala 250, jama'a da dama suka yi tir. A ƙarƙashin waɗannan manya akwai ɗaruruwan ƙanana da kowannenmu ya sha gani a wayarsa: mai haɗin mai a ɗaki, mai roba ba suna ba lamba, mai hoton “kafin” da “bayan”, mai ɗauko fitacciyar fuska ta riƙe robar ta yi murmushi. Likitoci sun daɗe da bayyana abin da ake samu a irin waɗannan haɗe-haɗe. Zaiba tana lalata ƙoda. Sinadarin sitiroyid yana sirantar da fata, ya kawo nankarwa, ya hana rauni warkewa da wuri. Haidurokwinon kuwa idan aka daɗe ana shafawa yakan bar baƙaƙen tabo masu wuyar magani. Gana ta hana kayan shafa masu haidurokwinon a 2016, hukumar NAFDAC kuma ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Nijeriya a 2023. Wannan shi ne kyan ɗan maciji, kuma da harshen ƙawance ake sayar da shi.

Hanya ta uku ita ce wadda ta fi ba mu takaici, kuma ita ce ta fi ba mu fata. Duk wanda ya karanta jerin abin da ke cikin man leɓen Rhode da man fuskarsa zai ga man kaɗe a ciki. Itacen kaɗanya kuwa ba ya fitowa a Amurka ko Turai. A yankinmu na Afirka kaɗai yake, daga Senegal har zuwa Sudan ta Kudu da Uganda, kuma matan karkara ne ke tsintar ƙwarar da asuba, su dafa, su shanya, su daka, su tuƙa. A watan Agusta na 2025, da gwamnatin Nijeriya ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwara na wata shida, ta ce ƙasar tana samar da kusan kashi 40 cikin 100 na kaɗanyar duniya, amma rabonta a cikin kuɗin wannan kasuwa bai kai kashi 1 ba. Ga tsohon labarin gyaɗa da auduga da fata ya komo cikin sabuwar riga: namu ne ɗanyen kaya, nasu ne suna da kwali da labari, riba kuwa tana wajen labarin.

Saboda haka kiranmu kashi biyu ne. A matsayinmu na masu saye, kafin mu tura kuɗi mu yi wa kanmu tambaya huɗu. Wa zai ci riba idan na yarda da wannan magana? Mene ne a cikin kwalbar, an rubuta shi a jiki? Akwai lambar rajistar hukuma, kuma na bincika ta? Idan fatata ta lalace, wa zan kama, a ina? Duk hajar da ta kasa amsa waɗannan, a bar wa mai ita kayarta, ko da wace irin fuska ce ta riƙe ta. Mai ciwon fata kuwa asibiti ya kamata ya nufa, ba shafin mai mabiya ba.

A matsayinmu na masu ilmi kuma, kallo da tsaki ba su ishe mu ba. A cikin wannan jami'a akwai masu karatun kimiyyar sinadarai da haɗa magunguna da za su iya tace man kaɗe su auna shi su tabbatar da tsabtarsa. Akwai masu karatun aikin jarida da kasuwanci da suka san yadda ake tsara labari da hoto. Darasin Rhode a buɗe yake ga kowa: kaya kaɗan masu kyau, farashin da mai saye zai iya, magana da mutane cikin harshen da suke hira da shi, da kwalin da ba a jin kunyar nunawa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar ƙarya. Waɗanda suka kama aikin gwamnati a cikinmu, musamman a hukumomin lafiya da na kula da talla da na kare masu saye, su tuna cewa kasuwa ta tashi daga rumfa ta koma waya, mai duba kasuwa ma dole ya bi ta can. Ƙungiyar ɗalibai kuma tana iya gayyato likitocin fata na asibitin koyarwa su yi wa 'yan'uwanmu bayani a ɗakunan kwana, maza da mata, domin shafe-shafen nan ba na mata kaɗai ba ne.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ba mu hana kowa kwalliya ba, ba mu kuma ce a rufe waya ba. Abin da muke nema shi ne duk mai son ya shigo ɗakinmu ya sayar mana da kaya da sunan zumunci, ya karɓi sharaɗin da iyayenmu mata suka gindaya wa dillaliya tun da daɗewa: a san abin da ke cikin ƙullinsa, a kuma san ƙofar gidansa.